Hutu a Gida Ga Mai Sana'a Goma

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci hutun aƙalla kwana 6 da albashinsa bayan ya cika shekara yana aiki. Amma wanda ya haɗa ofis da kiwon kaji da sayar da atamfa ta WhatsApp, kwanakin nan a biyan bashin ayyuka suke ƙarewa.

Kafin ranar fara hutun, zaɓi abu ɗaya tak da za ka taɓa, sauran ka rubuta a takarda ka ajiye. Sanar da masu saye ranar dawowarka, ka damƙa kajin a hannun amintacce. Da rana kashe waya ka yi ƙailula. Zumunci kuwa, wanda shi ne ke cinye hutun mutanenmu, ware masa Juma'a bayan an sauko daga masallaci.