Kafin Ka Bar Fassi Zuwa Umara

Ɗan'uwa, in Allah ya hore maka kuɗin Umara bayan girbi, fara da lafiyarka. Bizar Umara tana zuwa da inshorar lafiya, wadda ke biyan kuɗin asibiti idan ciwon gaggawa ko hatsari ya same ka a Saudiyya. Ka sa ejan ya buga maka takardarta, ka ajiye kwafi a waya, wani kuma a gida. Mai hawan jini ko ciwon suga ya tafi da maganinsa a kwalinsa, haɗe da takardar likita.

Yi rigakafin sanƙarau da na shawara da wuri, ka riƙe katinka.

A filin jirgin Malam Aminu Kano, kada ka karɓi saƙon kowa, ko na makusanci ne, sai ka buɗe ka gani. Hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya yana kaiwa ga kisa. Goro ma bar shi a gida.

Ziyarar Uhudu da Masallacin Kuba, yi ta da sassafe. Zafin Saudiyya ba wasa ba: a Hajjin 2024 sama da mutum 1,300 suka rasu. Dattawa, don Allah, ku haƙura da hawan Kogon Hira.