Kafin a kai yaro gidan mari

Iyaye da yawa, da zarar sun gano ɗansu yana shan kodin ko tiramol, sai su nufi gidan mari. Don Allah a dakata. A 2019 'yan sanda sun ceto mutane fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Bulala ba ta raba mutum da ƙwaya. Wanda kuma ya daɗe yana shan ƙwayoyin sa barci, idan aka yanke masa su rana ɗaya, jijjiga na iya kama shi har ya rasa ransa.

Ku fara da likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da Kware da Maiduguri, Kano kuma tana da na Dawanau.

Babban aikin yana bayan sallama. Kada yaro ya dawo ya zauna hannu sake a majalisar da ta lalata shi. Ku haɗa kai da mai unguwa da liman, a samo masa ubangida a sana'a. Ku matsa wa ƙaramar hukuma ta horar da ma'aikacin asibitin unguwa da zai riƙa bibiyarsa. In ya koma sha, ku mayar da shi asibiti, kada ku kore shi daga gida.