Zurmar Gindin Danga

Wani dattijo mafarauci daga wani ƙauye a yankin Zurmi ya iso wurina a Kaura Namoda da karensa a cikin buhu, ɗaure a bayan babur. Karen bai cika shekara ba, shi yake sa ran zai gaji tsohuwar karyarsa a dawa. Ko da aka sauke shi idanu sun faɗa, dasashi ya bushe, na ja fatar wuya ta tsaya cak ta ƙi komawa, ga zawon jini.

"Baba, yaushe ya fara?"

"Shekaranjiya da dare, Likita. Da amai ya fara."

"Me aka ba shi?"

Nan raina ya ɓaci. Wani mai tallan maganin dabbobi a kasuwa ya ce tsutsar ciki ce, ya ɗirka masa allurar oksi, ya ce a ɗura masa manja da ruwan gishiri don ya amayar. Gishiri, ga dabbar da ruwan jikinta ya riga ya ƙare! Ya karɓi kuɗinsa ya ƙara gaba, ko tambayar abin da karen ya ci bai yi ba.

Na ce a kwatanta mini aman farko. Yaron da ya tuƙo babur ya ce ya ga ɓawon wasu 'ya'ya masu zane kamar ƙosasshiyar kaska. Zurma ce. Tana nan gindin dangarsu, iskar hunturu ta busar da kwansonta yana fashewa, 'ya'yan na watsuwa tsakar gida, ɗan kare kuwa komai ya samu sai ya tauna. Lokacin sa amai da ba da gawayi ya wuce tuni. Na sa masa ƙarin ruwa, na kwana a kansa, kafin asuba ya mutu. Dattijon ya daɗe tsugune kafin ya naɗe buhunsa.

Gubar da ke cikin ƙwayar zurma, risin, ba ta da makari. Da ita aka kashe marubucin Bulgariya Georgi Markov a Landan a 1978. Ba ta nuna kanta nan take, sai an yi sa'o'i, shi ya sa mai kare yakan ce ai lafiya lau ya wuni.

Ku tumɓuke zurma daga inda kare ke kwana. In ya riga ya ci, kada ku ba shi gishiri. Ku ƙulla aman ko abin da ya ci a leda, ku zo da shi a ranar.

Ba zurma kaɗai ba ce. Bini da zugu da ake shinge da shi, 'ya'yansa ma haka suke tsinka ciki. Kariya mai jan fure da ake dasawa a ƙofar gida tana taɓa zuciya, kuma mafarauta sun fi ni sanin haka, tunda kakanninsu da ita suke haɗa dafin kibiya. Akwai zaƙami. Akwai ruwan tumfafiya a ido. Ragowar miya mai yawan albasa da ake juye wa kare kullum tana fasa masa jini, sai ka ga fitsari ya yi ja.

Na san halin da hanyoyin Zurmi da Shinkafi suke ciki, ba kullum ake iya fitowa ba. To a kira likita a waya kafin a kai wa mai talla. Farasitamol ɗinku ma ku riƙe abinku, kada ku ba kare. Gishirin nan dai, don Allah a daina. Kuma 'ya'yan zurmar da kare ke tsinta, yaran gidan ma da su suke wasa.