Kada a Kai Dutsen Guga Kan Takardun Kaka

Wani bawan Allah daga Rusairis ya aiko da tambaya. Ya ce sun gaji Alƙur'ani rubutun hannu da wasu warƙoƙin ajami daga kakansu, wanda ya taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Hajji, ya yada zango a bakin Shuɗin Nilu, zaman ya zarce. Daminar bara ɗakin ya yi yoyo, gafakar ta sha laima, takardun suka kakkarkace. Suna so su nuna wa masana a faɗa musu shekarunsu da darajarsu. Ɗan mai tambayar kuma ya gani a waya cewa a Amurka masu tara tsofaffin littattafan zane kan goge su kafin a kai a tantance. Shin su ma su goge?

Malam, amsata a taƙaice ita ce a'a. Amma yaronka bai yi ƙarya ba, don haka bari mu fara da abin da ya gani.

A jihar Fulorida akwai kamfanin CGC, wanda tun shekarar 2000 yake duba irin waɗannan littattafai, ya ba kowanne maki daga rabi zuwa 10, ya rufe shi cikin gidan roba. Ɗan bambancin maki kan sauya farashi ƙwarai. A 2024 an sayar da kwafi guda na Action Comics fitowa ta farko, bugun 1938, a kan dala miliyan 6. Shi ya sa ake sa littafin cikin injin matsi mai aunannen zafi da danshi don lanƙwasa ta miƙe. Ko a can ma, matsin ba ya gyara yagewa ko karayar da ta cire launi, kuma wanda bai ƙware ba kan ɓata littafin. Dalilin duk wannan wahala shi ne an buga dubban kwafi iri ɗaya, ana neman wanda ya fi kama da sabo.

Takardun kakanka ba su da tagwai. Masanin da zai duba su ba santsi yake nema ba, shaida yake nema. Zai ɗaga warƙa sama ya haska ta, ya ga ko akwai hoton jinjirin wata uku a cikin jikin takardar. Wannan alama ce ta takardun Italiya, irin waɗanda gidan Galvani na yankin Fordinone ya riƙa yi, fatake suka kawo su ta Masar da Tarabulus har Kano da Borno a ƙarni na 19. Zai dubi salon rubutun, da jan wasali, da ɗigon rawaya na hamza. Zai karanta abin da aka rubuta a gefe: sunan mai littafi, ranar haihuwar wani ɗa, wani lokaci har sunan garin da aka kwana a hanya. Ga iyalan da kakanninsu suka biyo ayarin hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi, ɗansa Muhammadu Bello ya zo ya kafa Mai Wurno kusa da Sannar, layi guda a gefen shafi zai iya zama shi kaɗai ne rubutacciyar shaidar tafiyar.

Ita tawadar malamanmu, yawanci zuge ce da ƙaro. Ƙaron ne ya riƙe baƙin a saman takarda, kuma ruwa na narkar da shi, kamar yadda kowa ya sani daga wankin allo. Mai guga kuwa sai ya yayyafa ruwa. Na taɓa riƙe wata warƙa da aka yi wa haka da kyakkyawar niyya: an shimfiɗa ƙyalle mai danshi a kai, an bi da dutsen guga na gawayi. Ta miƙe sumul, amma layi uku sun koma jikin ƙyallen, jan wasalin ya bazu kamar an zubar da zoɓo, gefen kuma ya yi ƙamas, ana taɓawa yana ɓarewa. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci. Akwai kuma tawadar da ake haɗawa da bagaruwa da ƙarfe, wadda dama takan ci takarda a hankali, zafi da danshi kuma suna ƙara mata sauri.

Ga abin da za ku yi. Ku shimfiɗa farin zane mai tsabta a ɗaki mai iska, ba a rana ba. Wanda zai taɓa, in ya yi alwala, ya bari hannunsa ya bushe sarai. Ku ɗauki warƙoƙin ɗaya bayan ɗaya ku shimfiɗa su a kan zanen kamar yadda kuka same su, kada a sake jeri, domin irin waɗannan littattafai ba a ɗinke suke ba, kuma kalmar nan guda da marubuci ya ajiye a ƙasan shafi ita ce jagora zuwa warƙa ta gaba. Inda biyu suka manne, a bar su. In akwai fumfuna, sai ta bushe tukuna a share da buroshi mai laushi, a waje, da ƙyalle a hanci.

Idan sun bushe ƙayau kuma ba su yi ƙamas ba, a sa farar takarda marar rubutu tsakanin kaɗan kaɗan daga cikinsu, a ɗora katako mai faɗi, a aza littattafai biyu ko uku a kai, a bar su makonni. Abin da ya miƙe ya miƙe, wanda ya ƙi a ƙyale shi. Ban da salatef, ban da gam, ban da datse gefe da almakashi, kuma don Allah kada a kai shago a manna musu roba. Manna robar aikin zafi ne, ba ya warwaruwa.

Kafin komai ma, ku ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya da waya, da hasken taga, har da tadarishi da gafakar. Dar al-Wasa'iƙ, gidan adana takardun tarihi na Sudan, yana Hartum, amma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ban ba kowa shawarar ɗaukar gadon gida ya hau hanya da shi ba. Hotuna sun isa masani ya fara magana, ko yana Sudan ko yana Gidan Arewa a Kaduna. Ku tura wa 'yan'uwa biyu ko uku a garuruwa dabam dabam su ajiye.

Asalin kuwa a naɗe shi a farin ƙyallen auduga, ba leda ba, domin leda tana tara gumi. A sa a akwati, a ɗora kan abin da ya ɗaga shi daga ƙasa, nesa da bango saboda gara. Daga watan Yuni zuwa Oktoba, a riƙa buɗewa duk mako biyu ana dubawa.