Kafin ka sayi sikutar lantarki don sauka daga jirgin ruwa

Wani ɗan'uwa da ke aiki a ƙaramin jirgin ruwan shaƙatawa a Bahar Rum ya aiko da tambaya. Ya ce in sun tsaya a tasha, kasuwa da shagon kayan gyara sukan yi masa nisa a ƙafa, tasi kuma na cinye masa kuɗi. Yana so ya sayi sikutar lantarki, ɗan babur ɗin nan mai ƙananan tayoyi biyu da ake hawa a tsaye, in an gama a naɗe shi. Wacce zai ɗauka?

Ɗan'uwa, mai shago zai fara yi maka maganar gudu da nisan zango. Kai ka fara tambayarsa nauyi. Sikutar mutumin gari daga ƙofar gida take hawa titi. Taka kuwa sai an ciro ta daga ma'ajiyar jirgi, a sauke ta cikin ɗan kwale-kwalen da ke kai ku gaɓa yana tangal-tangal, sannan a ɗaga ta kan dakalin tasha, sau da yawa da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da igiya. A nan ake gane bambanci. Xiaomi M365 nauyinta kilo 12.5 ne, kamfanin ya ce tana cin kilomita 30 da caji ɗaya. Ninebot Max G30 an ce tana kai kilomita 65, amma nauyinta ya kusa kilo 19. A cikin shago wannan rata ba ta zama komai ba. A kan ruwa mai motsi ita ce ke sa mutum ya daina fito da sikutar gaba ɗaya. A ganina, kada ka wuce kilo 14. Alƙaluman nisan nan ma a kan shimfiɗaɗɗen titi aka gwada su da mahayi marar nauyi, don haka ka sa ran kashi biyu cikin uku, wanda ya ishe ka cefane da dawowa.

Ka auna ma'ajiyar jirgin da tef kafin ka tafi shago. Sikutoci da yawa wuyansu kaɗai ke kwanciya, kan da ake riƙewa ba ya naɗewa, kuma na M365 faɗinsa wajen santimita 43 ne. Taya kuma ka nemi mai iska, inci takwas da rabi ko goma, domin tsoffin garuruwan gaɓar Girka da Italiya da Kuroshiya da duwatsu aka daɓe titunansu. Tayar roba zalla ba ta faci, amma sai ta girgiza ka har haƙora. Ka riƙe tub na ajiya da famfo.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato gishiri da batir. Za ka ga an rubuta IP54 a jikin kwali. Ma'anarsa na'urar tana jure ƙura da fantsamar ruwa, amma da ruwan daɗi ake yin gwajin. Iskar teku kaɗai ta isa ta sa kusoshi tsatsa, ta cinye mahaɗar wayoyi, musamman inda ƙarfe ya haɗu da alminiyam. Ka saka ta a jakar da ruwa ba ya shiga duk lokacin tsallakawa, ka goge ta da tsumma mai ruwan daɗi in ka dawo, ka ɗiga mai a maƙalar da ake naɗe ta.

Batirin litiyam da ruwan gishiri ya shiga yana iya kamawa da wuta bayan kwanaki, ba lallai nan take ba. An ga haka a Florida ta Amurka a 2022, lokacin da motocin lantarki da ambaliyar guguwar Ian ta jiƙa suka riƙa ci da wuta. Saboda haka in sikutarka ta faɗa teku, ko da ta tashi bayan an tsamo ta, kada ta sake hawa jirgin. Wutar irin wannan batir tana da wuyar kashewa, hayaƙinta guba ne, kuma a tsakiyar ruwa babu inda za a gudu. Ka nemi wadda ke da shaidar gwajin UL 2272, ka yi amfani da cajarta ta asali kawai. Ka yi caji da rana, idonka biyu, a buɗaɗɗen wuri, ba a ɗakin kwana ba, ba kuma a bakin mafita ba. Ya fi kyau ka jira sai kun jona wutar tasha, domin cika batirin sikuta mai wat-awa 280 daga batirin jirgi mai bolt 12 yana kwashe kusan amfiya-awa 30 in an haɗa da asarar inbata, kuma wutar nan firji da fitilu ke dogaro da ita.

Jirgi yana sauya ƙasa, doka ma tana sauyawa. Faransa ta ƙayyade gudu a kilomita 25 a awa, kuma inshora dole ce. Jamus kilomita 20 ne, da lambar inshora a manne. Italiya ta wajabta hular kwano ga kowa tun ƙarshen 2024. A Birtaniya an hana hawa sikuta ta ƙashin kai a titin jama'a. Ka tambayi ofishin tasha kafin ka hau. Kada kuma ka yi shirin kawo ta gida ta jirgin sama, domin iyakar batirin da ake barin fasinja ya ɗauka wat-awa 160 ne.

Shawarata, ɗan'uwa, ka ɗauki ƙarama mai nauyin kilo 12 zuwa 14, mai tayar iska, daga kamfanin da ake samun kayan gyaransa a kowace tasha. In kuma a jirginku babu buɗaɗɗen wurin da za ka ajiye ta ka yi mata caji, ka haƙura da ita, ka sayi keke mai naɗewa.