Amsoshin Tambayoyinku: Wane ne Komla Dumor?

Wani mai sauraronmu daga Zangon Kumasi ya ce mu ba shi tarihin marigayi Komla Dumor na talabijin ɗin BBC.

To, malam, mun gode. An haifi Komla a Accra ranar 3 ga Oktoba, 1972. Ya yi sakandare a Kano, ya fara karatun likita a Jami'ar Jos, sannan ya koma Jami'ar Ghana, daga bisani ya je Harvard a Amurka.

A gidan rediyon Joy FM ya fara aiki, yana ratsa titunan Accra a kan babur yana ba da rahoton cunkoson motoci. Shirin safe ne ya fito da shi, har ya zama gwarzon ɗan jaridar Ghana na 2003. Ya shiga BBC a 2006, kuma da aka buɗe shirin talabijin na Focus on Africa a 2012, shi aka damƙa wa. Ya yi ta nanata cewa labarin Afirka ya wuce yaƙi da yunwa, akwai kasuwanci da ƙwazon matasa.

A gida kuwa magidanci ne mai mata da 'ya'ya uku, kuma jikan Philip Gbeho, wanda ya tsara taken Ghana.

Ya rasu a Landan ranar 18 ga Janairu, 2014, sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 41. BBC ta kafa lambar yabo da sunansa a 2015, kuma Amina Yuguda daga Yola ta ci ta 2017.