Kayan Sautinka na Farko: Faifan Garmaho da Waƙar Waya a Falo Ɗaya

Tambayar da masu son kiɗa suka fi yi mini a 'yan shekarun nan ita ce wannan: mutum yana da waƙoƙi fal a waya, ga kuma wasu fayafayen garmaho da ya gada a gida ko ya fara tsinta a wajen masu gwanjo, yana son kayan sauti a falonsa da za su ɗauki duka biyun. Me zai saya, kuma da me zai fara? Yawanci kafin a zo tambaya an riga an leƙa kasuwa, an ga dogayen sifikoki masu fitilu kala-kala da aka rubuta musu 5000W a goshi, hankali ya rabu biyu.

Ka fara cire waccan lamba daga ranka. Idan ka duba kusa da ita za ka ga an rubuta PMPO, wanda ba shi da wani ma'auni da masana'antu suka yi ittifaƙi a kansa, kowa abin da ya ga dama yake rubutawa. Lambar da ake dogaro da ita ita ce wadda aka rubuta RMS, kuma a falon gida wat 40 zuwa 60 a kowane gefe sun ishe ka har maƙwabta su aiko a rage. Abin da kake nema sauti ne mai tsabta, wanda idan makaɗi ya ja igiyar kuntigi za ka ji yatsansa a kanta, idan 'yan amshi sun ɗauka za ka iya raba muryar wannan da ta wancan. Ƙara kuwa ko a wajen biki ana samunta.

Abu uku kake buƙata: sifika biyu, amfilifaya ɗaya, sai tushen kiɗan, wato garmaho a gefe guda, waya ko na'urar intanet a ɗaya gefen. Shawarata kullum ita ce a fara zaɓe daga sifika, a ba ta kaso mafi tsoka na kuɗin, kusan rabi idan da hali. Dalili kuwa, ita ce ke taɓa iskar ɗakin, kuma bambancin da ke tsakanin sifika da sifika ya fi wanda ke tsakanin amfilifaya da amfilifaya nesa ba kusa ba. Ga falo madaidaici, ƙananan sifikoki da ake ɗorawa a kan ƙafa sun fi dogayen nan dacewa. Doguwar sifika a ƙaramin ɗaki mai tayil da bangon siminti sai ta cika shi da gurnani, muryar mawaƙi ta nutse. Irin su Wharfedale Diamond 12.1, Q Acoustics 3020i da KEF Q150 duk na wannan sahu ne, kuma sun yi suna a wajen masu farawa.

Akwai lamba ɗaya a bayan sifika ko a takardarta da mutane ba sa kulawa da ita, ga ta kuwa da amfani: desibel nawa take bayarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Duk ragin desibel 3 yana nufin ninka ƙarfin amfilifaya. Sifika mai 85 tana buƙatar ninkin abin da mai 88 take buƙata kafin su yi ƙara ɗaya. Don haka idan amfilifayarka ƙarama ce, nemi sifika mai 87 ko 88 zuwa sama, mai om 6 ko 8.

Kada ka saya ba ka saurara ba, in dai akwai yadda za a yi. Ka tafi da waƙa biyu ko uku da ka sani kamar tafin hannunka, ɗaya ta kasance murya ce tsura da kayan kiɗa kaɗan. Mai shago zai so ya ƙure maka sauti da waƙa mai duka, domin ita ke sayar da kaya. Ka roƙe shi ya rage zuwa yadda za ka saurara da daddare, ya mai da maɓallan bes da na siririn sauti tsakiya. Sifikar kirki ba ta rasa daɗinta don an rage murya. Wadda ta burge ka a minti na farko da walƙiyar sauti, sau da yawa ita ce za ta gajiyar da kunnenka bayan rabin sa'a.

Idan ka kai sifikokin gida, wurin da ka ajiye su yana iya gyara su ko ya ɓata su, kuma wannan gyara kyauta ne. Ka raba su kamar mita biyu, kai ma ka zauna kamar mita biyu daga kowacce, ƙaramin bakin nan na sama da ke fitar da siririn sauti ya zo daidai kunnenka kana zaune. Ka janye su daga bango ko da kamu ɗaya ko biyu ne, musamman masu rami a baya, kuma kada ka cusa su a kusurwa. Darduma mai kauri a tsakaninka da su da labule a taga suna shanye amsa-kuwwar ɗaki fiye da yadda kake zato.

Amfilifaya ce mahaɗar garmaho da waya, kuma a nan ne aka fi yin ɓarnar kuɗi don rashin sanin abu ɗaya. Sautin da ke fitowa daga allurar garmaho ɗan mitsitsi ne, kamar milibolt 3 zuwa 5, alhali na'urar CD tana fitar da wajen bolt 2, ninki ɗari-ɗari ke nan. Ƙari a kan haka, lokacin da ake yanka faifai ana rage kaurin sauti da gangan, a ƙara siririn, don waƙa mai tsawo ta shiga fuska ɗaya kuma a danne shuu ɗin faifan. Tun 1954 aka tsaya a kan tsari ɗaya da ake kira RIAA. Dole ke nan a samu wani sashe da zai ɗaga sautin kuma ya mai da shi yadda yake, shi ne ake rubuta PHONO a bayan amfilifaya. Idan ka soka garmaho a ramin AUX ba tare da wannan sashe ba, za ka ji sauti can ƙasa-ƙasa, siriri, babu kauri ko kaɗan, ka ɗauka garmahon ne ya lalace. Akasin haka ma yana faruwa: wasu garmaho na zamani suna da nasu sashen a ciki, da ɗan maɓalli a baya mai PHONO da LINE. In ka sa shi a LINE sannan ka soka a ramin PHONO, an ɗaga sautin sau biyu, sai ya fashe ya yi ta karkarwa. Ɗaya za ka zaɓa. Kuma 'yar siririyar wayar nan da ke tare da garmaho, mai baki kamar cokali mai yatsa, ka ɗaure ta a dunƙulen da aka rubuta GND, in ba haka ba wani kuka mai zuuu ba zai bar ka ba.

Saboda haka nemi amfilifaya mai ramin PHONO da kuma ramin shigar sautin dijital. Yamaha A-S301 mai wat 60 tana da duka biyun. Denon PMA-600NE ma haka, har da Bluetooth, Marantz PM6007 kuma tana cikin sahun. Ko wacce ka samu a cikinsu za ta yi maka shekaru. Wanda ɗakinsa ƙarami ne ƙwarai ko kuɗinsa bai kai ba yana iya sayen sifika mai amfilifaya a cikinta, ya haɗa da garmaho mai nasa sashen. Hanya ce mai kyau, illa dai ranar da abu ɗaya ya ƙone a ciki, duka ya tsaya.

Garmaho shi ne inda nake roƙon mutane su yi haƙuri. Waɗannan masu kama da akwatin tafiya, masu 'yar sifika a jiki, suna da kyan gani da araha, amma allurarsu tana danna faifai da nauyin da ya ninka na garmahon kirki ko ya fi, hannunsu ba ya saituwa, sifikar da ke jikinsu kuma tana girgiza allurar da kanta. Faifan Shata ko na Ɗan Maraya Jos ko na Fela da aka buga shekaru arba'in ko hamsin da suka wuce, idan layinsa ya cinye ba ya dawowa, kuma ba kullum ake samun wani ba. Gara ka jira wata uku ka tara kuɗi da ka ɗora shi a kan irin wannan. Garmahon da ya dace yana da dunƙulen nauyi a bayan hannunsa, wanda ake juyawa a saita allura a kan giram 2 ko ƙasa kaɗan, gwargwadon abin da masu yin ta suka ce: Ortofon 2M Red giram 1.8, Audio-Technica VM95E giram 2. Rega Planar 1 daga Ingila, Pro-Ject Debut daga Ostiriya, da Audio-Technica AT-LP120X duk sun isa a fara da su. AT-LP60X ya fi su araha, yana ɗora hannu da kansa, amma ba a canza kan allurarsa da wani iri, don haka ba ya girma tare da kai.

Ka duba fayafayenka kafin ka saya. Manya masu gudun 33, waɗanda Columbia ta fito da su a 1948, da ƙanana masu 45 na RCA Victor daga 1949, allura ɗaya ce ke karanta su. Tsofaffin nan masu nauyi da ke fashewa idan sun faɗi, masu gudun 78, layinsu ya fi faɗi, suna buƙatar tasu allurar daban da garmaho mai wannan gudun. Kada kuma ka goge su da sifirit, yana narkar da su.

Wuta ita ce matsalar da mujallun Turai ba za su gaya maka ba. Tamu bolt 230 ce a kan 50Hz. Kayan da aka yi don Amurka na bolt 120 ne a kan 60Hz, na Japan kuma bolt 100, kuma irinsu sun cika kasuwar kayan hannu daga Alaba zuwa Sabon Gari. Taransifoma za ta gyara maka bolt, amma ba ta taɓa 50 da 60 ɗin. Amfilifaya ba ta cika damuwa ba, garmaho kuwa, idan motarsa irin mai bin bugun wuta ce kamar ta Rega Planar 1, wanda aka yi don Amurka zai yi gudun wajen 28 maimakon 33, muryar mawaƙi ta yi kauri ta ja kamar mai jin barci. Ƙaramin janareta ma haka yake yi masa, domin bugunsa yana hawa da sauka duk lokacin da firji ya tashi. Wanda ya san a kan janareta zai fi saurare, ya nemi garmaho mai motar DC ko mai riƙe gudunsa da kansa irin AT-LP120X da tsohon Technics SL-1200. Ka karanta rubutun da ke bayan kowace na'ura kafin ka biya. Ka sa sitabilaiza ta kirki a lissafinka tun farko, ta fi kowace wayar haɗi mai tsada amfani. In inbata kake amfani da ita, ta zama mai tsabtar wuta, wadda ake rubuta wa Pure Sine Wave, domin wadda ba irin wannan ba tana sa taransifomar amfilifaya kuka da zafi. Idan an ɗauke wuta ka kashe kayan, in an dawo da ita ka ɗan dakata ta zauna. Amfilifaya ce ta ƙarshe a kunnawa, ta farko a kashewa.

Ɓangaren dijital ya fi sauƙi da araha. Bluetooth yana matse sauti kafin ya aika, amma ya isa a fara. Idan kana da Wi-Fi a gida, ɗan akwati irin WiiM Mini ko WiiM Pro zai ɗauko waƙa daga Spotify kai tsaye ya miƙa wa amfilifaya, waya ta zama rimot kawai, kira ya shigo kiɗa bai yanke ba. Abin da ya fi na'ura muhimmanci shi ne asalin waƙar. Wadda aka ciro daga bidiyo aka tura maka a memori, kayan kirki tona asirinta za su yi, ba gyara ta ba. MP3 mai 320 ya wadatar da yawancin kunnuwa, FLAC kuma daidai yake da CD. Ma'aunin CD da Sony da Philips suka kawo a 1982 ya riga ya rufe duk abin da kunnen mutum yake ji, don haka kada ka ƙona data a kan manyan lambobin da ake tallata wa a sama da shi.

Kayan hannu suna da riba idan ka iya dubawa. Ka cire murfin sifika ka taɓa zoben da ke gefen bakinta a hankali. In na soso ne, zafin ƙasarmu yana ruɓar da shi har ya marmashe a yatsa. Ka sa kunne a kowane baki ka tabbata yana magana. A amfilifaya ka juya maɓallin murya a hankali ka ji ko yana ƙarƙara, ka gwada hagu da dama daban-daban, ka bar ta a kunne minti ashirin kafin ka yanke ciniki. Tsohon garmaho kuwa, ka ɗauka allurarsa ta ƙare ko me mai shi ya ce, ka sa kuɗin sabuwa a ciki. Allura tana cinyewa bayan 'yan ɗaruruwan sa'o'i, kuma wadda ta cinye ita ke yanka faifai.

Kada ka ɗora garmaho a kan tebur ɗaya da sifika, girgiza za ta koma ta allura. Ka nema masa wuri mai ƙarfi wanda bai karkace ba. Fayafayi a tsaye ake jera su, ba a kwance wani kan wani ba, nesa da taga da mota da ɗakin da kwano ke gasawa, domin zafi yana lanƙwasa su. Da hunturu busasshiyar iska tana sa faifai ya riƙa jan ƙura, don haka ka sayi ɗan buroshin faifai ka zagaya shi kafin kowane kunnawa, ka riƙe faifan ta gefe, ka mai da shi rigarsa da zarar ya ƙare.

Idan kuɗin ba zai kai a sayi komai lokaci ɗaya ba, ka ɗauki sifika da amfilifaya da sitabilaiza yanzu, ka haɗa su da wayar jan ƙarfe mai kauri ta talakawa, ka saurari waƙoƙin wayarka. Garmaho ya biyo baya idan ka tara na kirki, ramin PHONO yana nan yana jiransa.